Inda Zaren Ya Tsinke

A Kauran Namoda layin dogo yake ƙarewa,
a nan kuma kiɗan ya iske mu.
Wani leburan jirgi ya hauro da shi daga kudu
a aljihun wando, ba kwali, ba hoto,
kaset uku da gumi ya cinye rubutunsu.

Mu muka raɗa musu suna, ba rago, ba goro.
Na farko Mai Tabon Manja.
Na biyu Gurgu, don gefe ɗaya kawai yake ja.
Na uku Jabbi ya ce a kira shi Alhaji,
ba a taɓa shi sai an wanke hannu.

Mawaƙan ma ba mu san su ba.
Akwai mai murya kamar ana mirgina gangar mai a kan kwalta,
shi muke ce wa Na-Ƙasa.
Akwai mai saurin baki,
dillalin shanu ranar kasuwar Shinkafi yaro ne a gabansa,
kafin ya ja numfashi ka side kwanon tuwo.
Sai wata mace da ke faɗowa a waƙa ta huɗu,
in ta buɗe baki mazan duk su koma 'yan amshi.
Gwamma ƙanwata ta ce wannan tata ce,
wanda ya tsallake ta ba shi ba kunun gidanmu.

Turancinmu na aji uku ne, bai iya tsallake kwata ba,
amma Labbo ya kasa kunne, ya gyaɗa kai:
"Wanga ai kirarin 'yan dambe na,
kalangun kawai sunka canza."

Ƙarƙashin darbejiyar shagon Makau mai gyaran rediyo
muka yi musun da har yau ba a raba ba.
Ni Na-Ƙasa, Labbo mai saurin baki,
Jabbi kuwa yau nan, gobe can,
duk inda gardama ta fi zafi.
Batir in ya mutu mu shanya shi a rana,
mu gartsa masa haƙori ya ƙara mana waƙa biyu.
Mayar da zare baya aikin biro ne,
ba a ɓarnar wuta a kan abin da hannu zai iya.

Ranar wata Laraba rikoda ta tauna Alhaji.
Muka yi jugum kamar masu zaman makoki.
Makau ya zare tabarau, ya zare almakashi,
ya aika a karɓo jan farcen Gwamma,
ya liƙe zaren da bakin ashana.
Alhaji ya tashi, amma da giɓi:
ana tsakiyar baiti sai shiru, ƙiftawa biyu,
sannan ganga ta dawo.

Jabbi ne ya gaji giɓin.
Duk zuwa wurin sai ya miƙe, hula a karkace,
ya cika shi da nasa:
"Mu ne ƙarshen dogo!"
Har muka manta an taɓa faɗin wani abu a can.

Jiya ɗana ya ji ina gunagunin karin a bakin famfo,
ya kara wayarsa kusa da bakina.
Kafin in ɗauraye fuska ga waƙar,
ga sunan mutumin, ga hotonsa, ga shekarar,
ashe siriri ne, Na-Ƙasa, har da ɗan kunne.
Sauti tas, ba tsaki, ba yashi.

Aka zo wurin. Na riƙe numfashi.
Mutumin ya wuce abinsa, ya faɗi kalmominsa uku,
bai bar wa kowa ƙofa ba.

Damina shida ke nan da muka kai Jabbi makwanci.

Yaron ya ce, "Baba, ita ce ko?"
Na ce ta yi kama da ita.
Je ka ɗakin kakarka, bayan tukwane akwai kwalin sabulu.
Ka wanke hannu tukuna.